Gurup ɗin tarihi na kuɗi da nake ciki, da labarin Elizabeth matar Sarki Edward da aka gama mana

Salam jama'a. Tun da na saka a sitatus cewa ina sauraron labarin wata sarauniyar Ingila ta zamanin da, mutane suke ta tambayata wai a ina nake samu, kuma ya cancanci a biya kuɗi ko dai irin gurup ɗin nan ne da za a karɓi kuɗinka a bar ka da gaisuwar Juma'a da hoton fulawa. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Gurup ne na WhatsApp, wani malami ne a nan cikin Gombe yake yi, ƙaninsa ne admin, ana biyan naira 1,500 a wata, ka tura ta banki ka aika musu risit su saka ka. Malam ɗin yakan ɗauki labarin wani mutum ko wani yaƙi a tarihi ya yi shi da Hausa kashi-kashi a odiyo, kowane kashi wajen minti 20 zuwa 30. Ba zan faɗi sunansa ko na gurup ɗin ba saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta kuma ba na so a ce na zo ɓata wa bawan Allah sana'a, wanda ya sani ya sani.

Wanda aka gama kwanan nan shi ne na Elizabeth Woodville matar Sarki Edward na 4. Ba Elizabeth ɗin da ta rasu a 2022 ba fa, don har yanzu akwai masu shigowa gurup suna tambayar yaushe za a zo wajen Diana. Wannan tun shekarun 1400 aka yi ta. Ra'ayina kam, tsakiyar labarin ya ci kuɗinsa har da canji, farkon ya cika zaƙi, ƙarshen kuma a tsaitsaye aka yi mana shi.

Ni ɗinki nake a Pantami, a shago nake kunnawa da ƙaramar sifika, ni da Adda da yaran da suke koyo, shi ya sa duk abin da zan faɗa ba ni kaɗai na ji ba, an yi musu a kansa har da ajiye almakashi.

Murya kam Allah ya ba malam. Ba ya sauri, ba ya karya harshe don a san ya yi boko, kuma ya san inda zai yanke ya bar ka da zullumi har kashi na gaba. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ya raba mana sunaye, don mutanen nan kamar suna huɗu kawai suka sani a duk ƙasar. Mijinta Edward, ɗanta Edward, ɗan abokan gabarsu ma Edward. Babanta Richard, ɗanta na auren fari Richard, ɗanta na sarki Richard, ƙanin mijinta Richard, shi kansa Warwick, babban basaraken da ya addabe su, sunansa na yanka Richard ne. Sai malam ya riƙa cewa Edward babba, Edward yaro, Richard baffa, da haka har Adda da ba ta yi nisa a boko ba ta riƙe kowa.

Amma farkon nan gaskiya ya ɓata min rai. Kashi guda cur ya kwashe yana ba mu yadda ta tsaya a gindin wata bishiya riƙe da hannun 'ya'yanta biyu tana jiran sarki ya wuce daga farauta, ido ya faɗa cikin ido, ga iska tana kaɗawa, ga doki yana haniniya, har da sa kiɗa a ƙasa-ƙasa. Labarin baka ne da aka riƙa yaɗawa daga baya, shi ma ya faɗi hakan amma sai a ƙarshe kuma da sauri, bayan ya gama shayar da mutane. Abin da ya kamata ya zauna a kai sai ya ba shi minti biyu. Mijinta na fari John Grey an kashe shi a 1461 a yaƙin St Albans, kuma a ɓangaren gidan Lancaster ya yi yaƙin, wato abokan gabar Edward. Ya bar ta da maza biyu ƙanana, uwar mijin ta sake aure, aka shiga rigima kan filayen da ya kamata Elizabeth ta ci ita da yaran, ta tattara ta koma gidan iyayenta a Grafton. Mace ce da take neman wanda zai ƙwato mata haƙƙinta, ba budurwa mai mafarki ba, kuma in ka fahimci wannan tun farko duk abin da ta yi daga baya ba zai ba ka mamaki ba. Uwarta Jacquetta ma labari ce da kanta, 'yar manyan gidan Luxembourg ce, ta taɓa auren ƙanin Sarki Henry na 5, da ya mutu ta auri wani jarumi da bai kai matsayinta ba ba tare da izinin sarki ba, aka ci su tarar fam 1,000. Wannan malam ya faɗa kuma ya kyauta.

Daga wajen ɗaurin aure labari ya fara kama jikinsa. A 1464 aka yi, galibi ana cewa ranar 1 ga Mayu, a ɓoye, daga limamin coci sai uwarta sai wasu 'yan tsiraru, ba shela ba taro. Sarki ya rufe bakinsa watanni, sai a Satumba ya faɗa wa majalisarsa a garin Reading cewa shi fa ya riga ya yi aure. Alhali a lokacin Warwick, mutumin da ya taimaka ya ɗora shi kan karaga, yana can yana ta kai da komo da Faransa yana nema masa 'yar sarauta. Ku duba kunyar da aka ba babban mutum. Kuma wace aka aura? Bazawara mai 'ya'ya biyu, ta girme shi da wajen shekara biyar, mijinta ya mutu yana yaƙar sa, ba ta zo da dukiya ba, ba ta zo da ƙawancen wata ƙasa ba. A Mayun 1465 aka naɗa ta a Westminster.

Nan ne malam ya yi wata magana da tun daga ita na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Yace matan sarakunan Ingila kafin ita yawanci daga waje ake ɗauko su, ko wace tana da uba ko kawu mai sarauta a bayan teku, in abu ya ɓaci akwai wanda zai yi magana. Ya kawo misalin Margaret ta Anjou, matar Henry na 6, wadda duk da ta rasa miji ta rasa ɗa ta rasa mulki, sai da Sarkin Faransa ya biya kuɗi a 1475 aka sake ta ta koma gida, ko da yake a talauce ta mutu a 1482. Ita Elizabeth ba ta da wannan. Ba ta da soja ba ta da ƙasa, abin da take da shi 'yan uwa ne sun haura goma, sai aka shiga aurar da su a manyan gidaje. Ƙanwarta Katherine aka haɗa da Buckingham tun yana yaro, babanta aka ba shi babban muƙami aka sa shi ma'ajin ƙasa a 1466, ɗanta Thomas aka ba shi wata yarinya mai gado da Warwick ya so wa ɗan ɗan'uwansa. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne ƙaninta John, ɗan wajen shekara 20, da aka aura masa wata hamshaƙiya da ta haura 60. Adda da ta ji wannan sai da ta tsayar da keke tace a maimaita mata, tace kwaɗayi mabuɗin wahala, ni kuma nace Adda to ta yi yaya, ta zauna ita kaɗai a tsakiyar mutanen da suke kallon ta a matsayin wadda ta shigo ta taga? Ba mu daidaita ba har yau. Gaskiyar magana duk biyun haka ne, katangar da ta gina wa kanta ita ce ta tara mata maƙiya, kuma malam bai yi ƙoƙarin wanke ta ko shafa mata baƙin jini ba, ya dai ajiye mana mu yi ta.

Kashin 1469 zuwa 1471 shi ne na fi so a duk jerin. Warwick ya yi tawaye shi da Clarence, ƙanin sarki uwa ɗaya uba ɗaya, suka ci yaƙi a Edgcote, suka kama babanta da ƙaninta John ɗin nan suka fille musu kai a watan Agusta ba shari'a ba komai. Tana matar sarki fa a lokacin, kambin yana kanta. Ba a gama makoki ba aka ce uwarta matsafiya ce, aka kawo wasu 'yan gumaka na darma aka ce da su take aiki, sai a farkon 1470 aka wanke ta. A Oktoban 1470 Edward ya tsere ta teku ya bar ƙasar, aka fito da tsohon sarki Henry na 6 aka mayar kan karaga, ita kuma da tsohon ciki ta kwashi 'ya'yanta mata da uwarta ta shige harabar cocin Westminster, don a dokar lokacin wanda ya fake a wurin ba a shiga a kama shi. A can ta haihu ranar 2 ga Nuwamba, namiji, magajin da aka daɗe ana jira. Sai malam ya kawo wani ɗan abu da ya tsaya min a rai, wai wani mahauci ne a Landan yake kai musu rabin sa da tumaki biyu duk mako suna ci, da Edward ya dawo bai manta da shi ba ya saka masa. Yadda ya faɗi wajen nan a hankali ba kiɗa ba komai, shago ya yi tsit. Matar da bara manyan ƙasa suke durƙusa mata, bana tukunyarta tana jiran mahauci. A 1471 Edward ya dawo ya kashe Warwick a Barnet, ya murƙushe sauran a Tewkesbury, Henry ya mutu a Hasumiyar Landan a watan Mayu, komai ya koma yadda yake kamar ba a yi ba.

To bari in tsaya nan in yi ƙorafina kafin in manta. Na ɗaya talla. Mun biya kuɗi, amma a tsakiyar odiyo sai a yanke a sako tallan maganin basir da sanyi, da ƙarar da ta ninka ta malam, kana cikin jin ana fille kan mutum sai ka ji ana kiran lambar waya sau uku. In za a yi talla a sa a farko ko a ƙarshe mana, ko a rage kuɗin. Sannan wasu kashin a ɗaki ya ɗauka lafiya lau, wasu kuma ina jin a ƙofar gida ne, ga janareto ga ƙarar keke napep ga mai tallan awara, akwai wanda sai da na manna wayar a kunne. An ce mana Litinin da Alhamis ake sakewa amma sai a yi shiru, ka yi wa admin magana ya buɗe ya gani bai amsa ba, bayan kwanaki ya turo a yi haƙuri malam ya yi tafiya. Ranar biyan kuɗi kuwa ba ya tafiya, da asuba za ka ga tunatarwa. Kuma ya kamata su rufe gurup ɗin su buɗe wani daban na sharhi, saboda odiyon yana nutsewa cikin surutu, wani ma yana sayar da data a ciki.

Sai kuma shekaru 12 da suka biyo baya, 1471 zuwa 1483, wanda malam ya tsallake kamar ba abin da ya faru. A nan ne fa take sarauniya da gaske, tana da filayenta da ma'aikatanta da majalisarta, ta tallafi wata kwaleji a Cambridge da Margaret ta Anjou ta fara kafawa, ɗan'uwanta Anthony aka ba riƙon yarima a Ludlow, 'ya'ya goma ta haifa wa Edward, mata bakwai maza uku. Ko da kashi ɗaya ne da ya nuna mana yadda take tafiyar da gidanta da kuɗinta, don mu san me ikon nata yake nufi a rana ta yau da kullum, ba sai ranar gudu ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne kashe Clarence a 1478 da zancen cewa a cikin gangar giya aka nutsar da shi, saboda ya san shi mutane za su so.

Amma 1483 ya biya bashin duka. Ranar 9 ga Afrilu Edward ya mutu yana da shekara 40, ba wanda ya zata. Yarima yana da 12 yana can Ludlow. Anthony ya taso da shi zuwa Landan, a hanya a wani gari Stony Stratford Richard baffa ya tare su, ya karɓe yaron, ya kama Anthony da Richard Grey ɗanta na auren fari. Labari yana isa gare ta cikin dare ta kwashi kaya da sauran yara ta sake komawa Westminster, wurin da ta haifi wannan yaron da aka karɓe. Kwana 21 kacal tsakanin mutuwar miji da kama ɗan'uwanta. Malam ya ce mu lura ba wani yaƙi da aka ci ta, ba laifin da aka kama ta da shi, numfashin mutum ɗaya ne ya tsaya komai ya zube.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ranar 16 ga Yuni. Tana riƙe da ƙaramin, Richard mai shekara 9, kuma kowa ya san muddin yana hannunta taɓa babban ba shi da amfani tunda akwai magaji. Aka kewaye wurin da masu makamai, aka turo mata babban limamin Canterbury, tsoho mai mutunci, yace ta ba da yaron ya je ya taya wansa zama har a yi naɗi, shi ya ɗauki alkawari zai dawo lafiya. Ta ba da shi. Wata yarinya a shagonmu tace ita wallahi ko za a yanka ta ba za ta bayar ba, Adda tace ke dai yi shiru ba ki haihu ba, akwai mata biyar a bayanta a ɗakin, in aka fasa ƙofa aka shigo fa? Malam bai ƙara gishiri a nan ba, ya faɗi abin da ya faru ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ci gaba, kuma wannan shirun ya fi duk kiɗan da ya sa a farko aiki.

Bayan kwana shida aka hau mumbari a Landan aka fara cewa 'ya'yan Edward ba 'yan halak ba ne. Hujjar ita ce wai kafin ya auri Elizabeth ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata mata Eleanor Butler, kuma a dokar cocinsu alkawari irin wannan in an tare aure ne cikakke, ke nan na Elizabeth bai ɗauru ba. Eleanor ta mutu tun 1468, Edward ya mutu, su biyun da za a tambaya duk suna ƙasa. A nan malam ya yi bayanin da ban taɓa tunani ba, yace da a bainar jama'a aka ɗaura auren nan a coci da shela, ko da daga baya an gano matsala dokar tana iya kare 'ya'yan tunda uwar ba ta sani ba, amma da yake a ɓoye aka yi sai wannan kariyar ta faɗi. Wato sirrin da ya sa ta zama sarauniya a 1464 shi aka ɗauko aka soke ta da shi bayan shekara 19 da 'ya'ya goma. Ni kam tun daga ranar na daina jin haushin hayaniyar ɗaurin aure a ƙofar gida, da rabon goro da alawa, da maroƙi yana ta kwarara an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza lakadan ba ajalan ba har unguwa ta ɗauka, ashe duk wanda ya tauna goron nan shaida ne da ba za a iya binne shi rana ɗaya ba.

Ranar 25 ga Yuni aka fille kan Anthony da ɗanta Richard Grey a Pontefract, washegari Richard baffa ya hau karaga, 6 ga Yuli aka naɗa shi. A farkon 1484 majalisar ƙasa ta sa abin a doka, har da cewa da asiri ita da uwarta suka ja hankalin sarki, aka cire mata sunan sarauniya aka mayar da ita ga sunan mijinta na fari, Elizabeth Grey. Yaran biyu kuwa da aka ajiye a Hasumiyar Landan an riƙa ganinsu suna wasa a harabarta, sai aka rage ganinsu, sai aka daina.

A nan na saɓa da malam. Ya faɗa kai tsaye cewa Richard ne ya sa aka danne su da matashin kai suna barci, har da yadda ɗakin yake. Ni ma in aka ce in zaɓa shi zan nuna, yaran a hannunsa suke kuma bai taɓa fito da su ya nuna wa duniya ba alhali hakan zai kashe jita-jitar a rana ɗaya. Amma labarin matashin kan an rubuta shi ne a zamanin gidan da ya kayar da Richard, kuma har yau masana suna jayayya a kai. An tono wasu ƙasusuwan yara biyu a Hasumiyar a 1674 aka kai Westminster, aka duba su a 1933, ba a yi musu gwajin zamani ba. Wanda yake karɓar kuɗi da sunan tarihi ya kamata ya raba mana abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Wani ya yi masa wannan gyaran a gurup cikin ladabi, admin ya goge saƙon. Wannan bai yi ba sam.

Sai maganar da ta raba gurup biyu. A Maris 1484 Elizabeth ta yarda 'ya'yanta mata suka fito daga coci suka koma ƙarƙashin Richard, mutumin da ko ba komai ya kashe mata ɗan'uwa da ɗa a fili. Zagin da ta sha a wajen 'yan gurup ba kaɗan ba ne, wai ba ta da zuciya, wai ta sayar da jinin 'ya'yanta. Ni ban ga haka ba. Sai da ta sa ya rantse a gaban manyan ƙasa da magajin garin Landan cewa ba zai cutar da yaran ba, ba zai kulle su ba, zai aurar da su ga mutanen kirki, aka kuma yanka mata kuɗin shekara. Wata goma suna ƙunshe a wuri ɗaya da masu gadi a ƙofa, tawayen da aka yi a ƙarshen 1483 ya rushe, Richard yana da shekara 31 kawai, wa ya san zai mutu baɗi? Kuma ba zaune take ba, tun tana ciki take aika saƙo tsakaninta da Margaret Beaufort ta ɓangaren gidan Lancaster ta hannun wani likita da yake duba su duka biyun, suka shirya ɗan Margaret, Henry Tudor, ya auri babbar 'yarta, har ya yi rantsuwa a kan haka ranar Kirsimeti ta 1483 a cocin Rennes. Ta riƙe wannan igiyar ta riƙe waccan. Wanda bai taɓa rasa komai ba shi yake kiran wannan rashin zuciya.

Daga nan malam ya fara gudu, ina jin ya gaji ne ko kuma wata ya kusa ƙarewa. Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485 inda aka kashe Richard, auren Henry Tudor, wanda ya zama Sarki Henry na 7, da 'yarta a Janairun 1486, soke dokar da ta shegantar da 'ya'yanta har da umarnin a lalata duk kwafinta, haihuwar jikanta Arthur, duk a kashi ɗaya ya cusa. Alhali abin da ya biyo baya shi ne ya fi ban mamaki. 'Yarta ce sarauniya, jikanta ne yarima, an mayar mata da sunanta, amma a 1487 aka karɓe filayenta aka ba 'yar, ita kuma ta koma zama a gidan ibada na Bermondsey da ɗan kuɗin fansho. Wasu masana suna cewa ita ta zaɓa, wasu suna cewa Henry ne ya kawar da ita don a shekarar ne aka taso da wani yaro ana cewa jinin gidan York ne, wato gidan su Edward. Malam bai kawo ko ɗaya da kyau ba, sai ya ce kishin surukai ne tsakaninta da uwar sarki, gurup ya ɗauki shewa aka wuce. Wannan arha ce.

Ta mutu ranar 8 ga Yuni 1492. A wasiyyarta ta rubuta cewa ba ta da abin duniya da za ta bar wa 'yarta sarauniya ko sauran 'ya'yanta sai albarka, ɗan abin da ya rage a biya bashi, kuma a binne ta ba bidiri. Ta kogi aka ɗauki gawar zuwa Windsor da mutane 'yan kaɗan aka sa ta kusa da Edward, 'yarta sarauniya ba ta je ba tana ɗakin jiran haihuwa. Ita ce kakar Henry na 8. Duk wannan minti huɗu malam ya ba shi, sannan tallan basir.

To ga masu tambaya ko su shiga. In kana son labari ka ji yayin aiki ko tuƙi, kuma ba ka da lokacin karatun turanci mai nauyi, shiga, ba na jin akwai mai yin irin wannan da Hausa mai kyau haka a kusa da mu. In ɗalibi ne kai mai shirin rubuta jarrabawa kada ka dogara da shi shi kaɗai, shekarunsa da sunayensa daidai suke a inda na bincika amma yana haɗa tarihi da almara ba ya sa alama. Ka ce wa admin ya turo maka tsofaffin kashin tun ranar da ka biya, in ka bari sai ya ce sun goge, kuma ka sauke su da dare lokacin da netwok ya fi sauƙi, ba su da nauyi sosai. Masu yara ƙanana ku sa iyafis a kashin 1469 da na 1483, fille kai ya yi yawa.

Sun ce na gaba Mansa Musa ne. Na biya na wata mai zuwa, amma na faɗa wa admin a fili, talla ta kai uku a kashi ɗaya zan fita.